Mutumin da Ya Nutse a Rediyo

Rikoda ɗaya, batir huɗu, littafin rubutu, biro biyu, takardar amincewa kwafi biyu, goro goma a jiƙaƙƙen tsumma, kwalbar ruwa. Abin da ke cikin jakar Jidda ke nan lokacin da jirgin ƙasan cikin birnin Doha ya bar tashar Mushairib ya nufi ta Bin Mahmud. Ta sake buɗe jakar ta duba, ko da yake ta duba a tashar baya.

Shekararta uku a Doha tana karatun digiri na uku, a kan wasan kwaikwayo da kiɗan da gidajen rediyo ke sakawa da Hausa da yamma a farkon zamanin rediyo. Ta bi ɗakunan ajiya a ƙasashe uku, ko'ina amsar ɗaya ce. A wancan lokaci kai tsaye ake yin wasa, wanda aka ɗauka ma an goge an ɗauki wani a kai. Malaminta, Dakta Hanif, ya karanta babi na uku ya turo mata shi a kan tebur.

"Duk ji-ta-ji-ta ne. Ki kawo mini muryar mutum ɗaya da ya yi aikin da kansa, in ba haka ba mu cire babin."

Babin shi ne rabin aikin, kuma saura wata huɗu ta miƙa.

A wajen kitso ta ji labarin tsohon. Mai kitson 'yar Zangon Ghana ce, ta ce baban ƙawarta Fauzia ya yi aikin rediyo tun Ghana na jaririya, an kawo shi aikin yanar ido, gobe da safe zai koma. Ranar nan ɗaya ce Jidda take da ita.

A cikin lif ta kunna rikodar ta sa a aljihun gefen jaka. Haka ta saba tun aikinta na farko a ƙauye. Tsofaffi sun fi sakin baki a lokacin gaisuwa, da zarar an ɗora na'ura a gabansu sai su koma yin jawabi. Takan kunna tun daga ƙofa, ta nemi izini daga baya, kuma ba wanda ya taɓa hana ta.

Fauzia ce ta buɗe, sanye da rigar asibitin da take aiki a Al-Sadd. Falon cike da akwatuna a buɗe, dabino da turare da takalman yara ko'ina. Tsohon na zaune kusa da taga, siriri, da baƙin tabarau irin na bayan aikin ido.

"Baba, ga 'yar Najeriyar."

"Najeriya da faɗi. Wace ƙasa?"

Jidda ta durƙusa. "Zariya, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Zariya! Masu gyara wa mutane Hausa. Zauna, amma kar ki gyara mini, na tsufa da gyara."

Ta miƙa goron. Ya kwance tsumman, ya shinshina, ya ɓare ɗaya da farce.

"Wannan ai na wajenmu ne. Kun saya a hannunmu, kun kai Kano, kun sa shi a jirgin sama, yanzu kin dawo mini da kayana. Allah ya yi albarka."

Sunansa Abdul-Samed, shekararsa tamanin da huɗu. Jidda ta zauna a kan kafet, ta ajiye jakar tsakaninta da shi, ta roƙi Fauzia ta rage esi wai sanyi na damun ta. Sannan ta fito da takardar ta fara bayani: abin da take bincike a kai, yadda za ta ɗauki muryarsa, inda za a adana ta.

Ya ɗaga hannu.

"Rubutu, ki yi har biro ya ƙare. Amma muryata ba ta shiga akwati."

"Kai, na manta ban gaya miki ba," in ji Fauzia. "Ko saƙon murya ba ya yi a waya. Jikokinsa sun roƙa har sun gaji. Ranar aurena mai bidiyo ya zo, Baba ya koma bebe."

"Amma kana magana a waya, Baba?"

"Waya kunne ɗaya take zuwa, kuma ba ta ajiyewa. Na tambayi malami."

Hannun Jidda na kan jakar. Rikodar takan yi 'yar ƙara in an kashe ta. In ta danna yanzu, zai san da ita a kunne ta shigo masa gida, ƙila daga nan hirar ta ƙare. Ta ce a ranta ta bari ya tashi alwala tukuna. Ta ɗauke hannun ta ɗauki biro.

"Me ya sa, Baba?"

"Saboda na taɓa mutuwa a ciki."

Fauzia ta yi tsaki tana dariya, ta shige kicin. Da alama ta ji labarin ya fi sau ɗari.

Yana da shekara sha tara, in ji shi, yana koyon ɗinki a wani gari mai gidan rediyo, tafiyar kwana biyu a mota daga Zangon da uwarsa take. Wani malamin makaranta, Malam Rashad, shi ke riƙe da sashen Hausa. Shi ne mai karanta labarai, shi ne mai sanarwa, shi ne kuma mai shirya wasan daren Alhamis. Ya zo karɓar riga ya ji yaron shago, wato Abdul-Samed, na kwaikwayon yadda maigidansa ke faɗa da kwastoma, ya ce ya zo ranar Alhamis da la'asar.

"Akwai takarda? Wa ke rubuta wasan?"

"Wace takarda? Rabinmu ba su san boko ba. Ƙarƙashin mangwaro muke zama, Malam Rashad ya ce, kai yau za ka nemi aure a hana ka, ke ki ɓoye akuyar maƙwabci, kai ka shigo a ƙarshe ka raba faɗa. Shi ke nan. Ƙarfe bakwai da rabi mu shiga."

"Ɗakin yaya yake?"

"Bai kai falon nan ba. An manne bango da buhunan koko. Makirfo ɗaya, yana rataye daga sama kamar jemage. Kowa ya tuɓe takalmi a waje. Mata su cire warwaro su zuba a ƙwarya a bakin ƙofa. In jar fitila ta kama, ko tari ya zo maka sai ka haɗiye shi."

Mai goge ke buɗe dare, sai wata tsohuwa Awawu ta yi waƙa biyu. Awawu ba ta yarda ta kalli makirfon, sai an lulluɓe shi da ɗankwali, wai abu ne mai kunne ba fuska. Bayan ta sai wasa na rabin awa, mai goge ya rufe. In mutum kusa yake a cikin labarin, ya matso ƙarƙashin makirfo. In daga nesa yake kira, ya je jikin bango ya juya baya ya ɗaga murya.

Jidda na rubutu da sauri. Shekara uku tana neman wanda zai gaya mata inda suke tsayawa.

"Wane suna kake amsawa a wasan?"

"Abdul-Samed."

"Sunanka na gaskiya?"

"Kowa da nasa. Mun gwada sunan aro sau ɗaya. Aka kira wani da Tanko sau uku, yana tsaye yana kallon bango, ya manta shi ne. Daga ranar Malam Rashad ya ce kowa ya riƙe sunan da ubansa ya raɗa masa."

A Zangon su akwai rediyo ɗaya, a ƙofar gidan sarkin Zango. Duk Alhamis uwarsa, wadda yake kira Mma, takan ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta zauna bayan maza. Ba ta karatu, shi kuma bai damu da aika wasiƙa ba. Da rediyon take sanin lafiyarsa. In ya yi mura ta ji a hancinsa, sai ga direba ya kawo masa ƙullin citta.

"Ta san wasa ne?"

"Ta sani, ba ta sani ba. Lokacin da na yi aure a wasan ta aiko tana tambayar 'yar gidan waye. Aka gaya mata wasa ne, ta ce to, amma dai yarinyar tana da ladabi."

Shekara ta biyu maigidansa ya samu ɗinkin kayan makaranta, aikin sati uku ba ɗaga kai. Abdul-Samed ya nemi hutu. Malam Rashad ya ce abu mai sauƙi, za su jefa shi a kogi, bayan sati uku masunci ya fito da shi da rai, mutane su sha mamaki. A wasan yana fataucin goro zuwa arewa. Suka kawo shi mashigar Yeji, kwale-kwale ya kife.

"Yaya kuka yi kogin?"

"Daro da ruwa. Wani yana juyawa da hannu, ni ina ja da baya daga makirfo ina kiran sunan Allah, har na kai bango na cusa bakina a buhu. Na yi kyau ranar. Awawu da take kallona da idonta sai da ta yi hawaye."

Ya tauna goro.

"Da a nan aka tsaya, da ba komai. Amma Malam Rashad yana son abu ya cika. Ya matso ya yi sanarwar rasuwa a cikin wasan. To shi ne fa mai karanta sanarwar mutuwa ta gaskiya kullum bayan labarai. Murya ɗaya, salati ɗaya, yadda yake jan numfashi kafin ya faɗi suna, duk ɗaya. Ya ce Allah ya yi wa Abdul-Samed rasuwa a kogi, ba a ga gawa ba. Mai goge ya ja goge. Muka fito muna tafawa, muka je muka sha koko."

"A can gida fa?"

"A can gida liman da kansa yana zaune gaban rediyon. Ya ce wannan ba wasa ba ne, ya san muryar sanarwa. Da safe aka yi mini sallar ga'ib. Aka yi uku, aka yi bakwai. Aka raba kayana da na bari a ɗakin Mma. Alhamis ta zagayo suka kunna, ba ni a ciki, 'yan wasa suna ta yi wa matata ta wasa ta'aziyya. Me ya rage?"

Fauzia ta fito da shayi a faranti. "Faɗa mata na Kawu."

"Kwana sha shida aka aiko ƙanen Mma, Shamsudeen, ya kwaso kayana. Ya shigo shago ya same ni a kan keken ɗinki, da allura a baki. Bai yi salati ba, bai yi ihu ba. Ya juya a hankali ya fita, ya tsallaka titi, ya tsaya can yana leƙe na. Sai da na bi shi da tef ɗin awo a wuya ina Kawu, Kawu. Ya ce in tsaya daga nan, in karanta Ƙulhuwallahu tukuna."

Jidda ta yi dariya, ta toshe baki da sauri.

"Da na je gida Mma ba ta rungume ni ba. Ta rame, zaninta sau biyu take naɗa shi. Ta dube ni ta shiga ɗaki ta fito da Alƙur'anin babana. Ta ce dafa. Na dafa. Ta ce ka ce muryarka ba za ta ƙara shiga akwati ba. Na ce. Sannan ta zuba mini tuwo."

"Ba ta taɓa janyewa ba?"

"Ban taɓa tambaya ba. Ta rasu bayan shekara tara. Wani malami ya ce in ciyar da mutum goma in huta. Na ce masa na san rantsuwa tana da kaffara, amma wadda ta sa ni ba ta nan balle in gaya mata."

Jakar na nan inda take. Jidda ta kalle ta, ta kalli agogon bango. Minti hamsin. Tsohon bai tashi alwala ba, ya ce da ita yake tun la'asar. Ta san yanzu ba hirar take tsoron rasawa ba, minti hamsin ɗin nan ne. Ta juya shafi.

"Shi ke nan ka bar rediyo?"

"Wa ya ce? Shekara sha ɗaya na ƙara."

"Ta yaya?"

"Murya na rantse a kai. Ban rantse a kan hannu ba." Ya juya wajen kicin. "Fauzia, kawo mini baho da ruwa rabi. Da kofi biyu na roba, da farantin nan, da leda mai ƙara."

"Baba, ban gama haɗa kayanka ba. Jirgi ƙarfe takwas ne."

"Yalla, kawo. Ba haka kuke cewa ba a nan?"

Malam Rashad, in ji shi, ya ji kunyar abin da ya faru har ya je Zangon ya durƙusa gaban Mma. Daga baya kowa ya koma sunan aro, aka samo wani daban yana karanta sanarwar mutuwa. Shi kuma aka ba shi kusurwar ɗaki da tebur. Duk abin da ba magana ba ne a cikin wasa, nasa ne: ƙofa, ruwa, doki, tsawa, wuta, tafiyar mutum a kan tsakuwa. Mma ta ci gaba da zuwa ƙofar sarkin Zango. In ta ji an buɗe ƙofa a rediyo sai ta ce wa na kusa da ita, ga shi nan, lafiyarsa ƙalau.

Fauzia ta jera kayan a kan ƙaramin tebur a gabansa. Ya laluba su ɗaya bayan ɗaya.

"Rufe idonki, 'yar Zariya. Da ido ba ya aiki."

Ta rufe.

Jaki ta fara ji, yana tafe a kan busasshiyar ƙasa, ba ya sauri, ƙafa ɗaya na ɗan ja. Ya tsaya. Wani ya hura wuta, ƙirare suka kama suna ƙas-ƙas. Can nesa hadari ya yi gunji. Sai ga kogi, ba babba ba, yana lasar gefen kwale-kwale, da filafili na shiga yana fita, ruwa na ɗiga daga bakinsa kafin ya sake shiga.

Ta buɗe ido ɗaya. Tsoho ne da yatsa uku a cikin bahon wanki, ɗaya hannun na murza leda.

"Na ce ki rufe."

"Yaya ka yi ɗigar?"

"Ita ce aikin. Kowa zai iya juya ruwa. Ɗigar da ke biyo baya ita ke sa mutum ya ga filafili."

Ta miƙa hannu za ta juya shafi. Warwaronta biyu suka zamo, ta tare su da ɗaya hannun kafin su haɗu, ta riƙe su a jikin fata.

Kogin ya tsaya.

Tsohon ya zare yatsunsa daga ruwa ya goge a riga. Ya juyo da baƙin tabaran wajenta.

"Me ya sa kika riƙe warwaronki?"

Jidda ta saki warwaron.

"Da kika zo kin ce a rage esi, ga shi gumi kike, ina jin kina fifita da littafi. Ɗazu dariya ta zo miki kin toshe ta. Sau biyu kin haɗiye tari. Shekara sha uku ina ɗaki da mutanen da ke zaune haka. Mutum ba ya zama haka sai fitila na kunne." Ya nuna ƙasa, daidai inda jakar take. "Tun yaushe?"

"Tun daga lif, Baba."

"Me?" Fauzia ta ajiye rigar da take ninkewa. "Kika shigo mini gida da abu a kunne? Ya gaya miki a gabana, da bakinsa! Ke wace irin 'yar boko ce?"

"Na kunna kafin in sani. Da ya faɗa ya kamata in kashe, ban kashe ba."

"Khalas, ya isa. Goge shi yanzu ina kallo, ki tashi ki tafi."

Jidda ta ciro rikodar. Awa ɗaya da minti goma sha biyu. Ta danna, ta yi 'yar ƙararta ta tsaya. Ta ɗora ta a tebur kusa da bahon. Ta ga babi na uku a ranta, da jan biron Dakta Hanif a kai. Ta yi tunanin ta roƙa, ta rasa da wane baki.

Tsohon ya laluba ya ɗauki rikodar. Ya auna ta a tafin hannu, ya shafa gefenta da babban yatsa.

"Wannan ce duka? Tamu sai mutum biyu sun ɗauka." Ya juya ta. "Duk abin da na faɗa yana ciki?"

"Yana ciki."

"Da ruwan?"

"Da ruwan."

A ƙasa wata mota na ta oda a ƙofar kanti.

"Ban taɓa ji ba," ya ce.

"Me, Baba?"

"Kaina. Kai tsaye muke yi. Duk garin sun san muryata, har waɗanda suka yi mini salla, ni kaɗai ne ban sani ba." Ya juya wajen 'yarsa. "Na rantse ba zan saka ba. Ban saka ba, sace ta aka yi. Na rantse ba zan ji ba?"

"Baba, ni ba malama ba ce."

"Ban rantse ba. Kunna, 'yar Zariya. Kaɗan."

Jidda ta mayar baya ta kunna. Murya ta fito, tana ɗan rawa, tana ba da labarin Kawu Shamsudeen a tsallaken titi. Tsohon ya karkata kai. Bakinsa na motsi kaɗan yana bin maganar.

"Wane ne wannan?"

"Kai ne, Baba," in ji Fauzia.

"Wannan tsohon? Yana cin ƙarshen magana. Ga sauri. Malam Rashad da tuni ya mayar da shi jikin bango." Ya saurara kuma. "Amma ya iya tsayawa kafin abin dariya. Wannan ya iya. Kai ni wajen ruwan."

Ta kai shi. Jakin ya wuce, wutar ta kama, kogin ya zo. Ya saurara har inda ya yanke.

"Bahon ya yi kusa da makirfo. Da kin gaya mini da na ja shi baya taku ɗaya." Ya ɗan yi murmushi, ya haɗiye shi. "Jakin ya yi."

Aka kira magariba daga masallacin bayan gini. Ya ce ta kashe, ta kashe. Ya tambaya a ina muryar take zaune a cikin abin. Ta buɗe gefe ta zaro katin, bai kai farcen babban yatsa ba, ta sa masa a tafin hannu. Ya rufe hannun.

"Kina da wani kwafi?"

"Babu."

"In babu wannan, me zai same ki?"

Ta gaya masa gaskiya. Malaminta zai ce a cire babin. Ƙila ta roƙi ƙarin lokaci, ƙila ba a ba ta ba.

"Kin rubuta a littafi?"

"Shafi sha huɗu."

"To kawo takardar nan taki in sa hannu a kan rubutu. Ki sa sunana, da na Malam Rashad, da na Awawu. Ki rubuta lambar Fauzia. In malaminki bai yarda ba ya kira ni a waya, in gaya masa da bakina, kunne ɗaya."

Ta soke layin da ya yi maganar ɗaukar murya, ta nuna wa Fauzia. Fauzia ta karanta sau biyu, fuska a ɗaure, sannan ta kama hannun uban ta kai shi kan layi. Ya sa hannu da ajami.

Ya dafa kujera ya miƙe. Jidda ta matsa za ta taimaka, Fauzia ta riga ta. Ya taka a hankali tsakanin akwatunan har ƙofar ɗakin kwana, katin na cikin hannunsa.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma ki daina kunnawa a lif."

"A goge shi ne, Baba?" in ji Fauzia. "Ko in jefa a shara?"

Ya shiga ya tura ƙofar ta rufu. Suka tsaya su biyu a falo ba mai kallon wata. Sai muryarsa ta fito daga ciki.

"Ba za a goge ba. Zai zauna a wajen Fauzia. Ranar da aka yi mini bakwai ta gaskiya, a aika wa 'yar Zariya, ta saka wa duk wanda take so."